Zinariyar da Ba Ta Cika Ba

Sau uku Dakta ta maimaita awon, amsa ɗaya na'ura ke ba ta. Kashi uku cikin ɗari na zinariya ta rubuta a sa wa hodar, kashi ɗaya ta tarar.

Shekara biyu ke nan tana kan wannan bincike. Ana jiƙa wata farar hoda da ruwan zinariya, a gasa ta har ta koma shunayya, sai ta riƙa kashe dafin da ke cikin hayaƙi. Tata hodar kuwa ta yi abin da ya sa manyan malamai miƙewa tsaye suna tafi.

Mutum ɗaya ne ke taɓa kwalbar zinariyar, tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda ɗalibai ke kira Baba Sikeli. Shekara talatin yana awo da wanke kwalabe, ba digiri, ba kujera. In ta shigo, shi ne farkon mai miƙewa, har yakan share mata teburi da hannun rigarsa. Sau ɗaya ya taɓa sa mata baki.

"Dakta, ko gishiri in ya yi yawa..."

"Kai dai auna abin da na rubuta," ta katse shi a gaban ɗalibai. Tun ranar ya kama bakinsa.

Yanzu ga zinariya ta yi ƙafa. Ta ji tsoron a ce ta yi rufa-rufa, don haka da hannunta ta kai takardar ƙarar tsohon. Shugaban sashe ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon ta.

"Ke da kanki? Kin tabbata?"

"Ƙa'ida ba ta san fuska ba," in ji ta.

A gaban kwamiti tsohon bai kare kansa ba. Ya ajiye makullai, ya ninke farar rigarsa, ya fita ba waiwaye.

Ta koma ta auna da kanta, kashi uku cif. Hodar ta fito da duhu, ta ƙi aiki. Ta sake, ta kuma sakewa. Da ta duba a madubin ƙara girma, sai ta ga ƙwayoyin zinariyar sun cure wuri ɗaya, sun zama dunƙule marasa amfani. Ashe yawan ne ke kashe ta.

A mako na biyar da tafiyar tsohon, tana neman tsumma a ƙasan kabad, ta ci karo da ƙananan kwalabe jere, kowace da kwanan wata cikin karkataccen rubutunsa. Ragowar zinariyar ce, ko ɗigo bai ɓata ba. Ragewa yake yi a ɓoye, aikinta ya yi kyau, ita kuma kada ta ji kunyar a ce mai wanke kwalabe ya gyara mata.

Ko jakarta ba ta ɗauka ba, ta nufi gidansa. Tana tuƙi tana shirya kalmomin ban haƙuri, suna watsewa.

Takalma ta tarar sun cika ƙofar gidan. Matarsa ce ta fito, idanu jajur, ta tsaya tana duban ta.

"Sai yanzu?" in ji tsohuwar. "Har numfashinsa na ƙarshe cewa yake kada a ga laifinki. A wurin aiki kin yi kamar ba shi ya haife ki ba. Shiga ki yi ban kwana da mahaifinki."