Kwanon da Ya Dawo Wayam

Masu rubuta labaran yadda duniya za ta koma nan gaba suna yawan tsorata mu da garuruwan da na'ura ta raba mutum da ɗan'uwansa. To, a wani gari irin wannan, hukuma ta manna wa kowane gida ɗan akwati a bango, ana ce masa Wakili. Shi ke gaisuwar safe a madadin mutum, shi ke barka, shi ke ta'aziyya, kuma da muryar mutumin sak, har da ɗan tarin da yakan yi kafin ya ce ina kwana. An kuma hana shi isar da labarin da zai tayar da hankali, wai hawan jini ya yi yawa a gari. Tun ana fita jefi-jefi har aka daina. Gizo-gizo ya yi saƙa a zaure, ciyawa ta rufe hanyar gidan maƙwabta, masu gyaran takalma suka naɗe tabarmarsu, don takalmin da ba ya taka ƙasa ba ya tsinkewa.

A garin akwai wata mata, Tasalla, wadda 'yarta ta fari, Lantana, ke aure can ƙarshen gari da tsohon ciki, mijin kuma aiki ya kai shi nesa. Kunyar 'yar fari ba ta barin Tasalla ta kama sunanta, balle su zauna hira. Duk abin da ke ranta a kwano take zuba shi. Kowace Juma'a sai ta yi dambun zogale, ta rufe, ta ɗora wa ɗan keken aike mai tuƙa kansa. Tun Lantana na ƙarama kuwa ta koya mata ba a mayar da kwanon mutane wayam. Saboda haka kullum da abin da yake dawowa da shi, ƙullin gyaɗa ko lemun tsami biyu, ranar da babu, ko gishiri ne.

Wata Juma'a kwano ya dawo fes, yana ƙyalli, ba ko ƙwayar gyaɗa. Tasalla ta jujjuya shi, ta sake leƙawa. Ta tambayi akwati, ya amsa da muryar Lantana: "Lafiya lau nake, Inna. Dambu ya yi daɗi."

Maigidanta yana kishingiɗe ya ce, "To, kin ji. Ke dai ba kya rabo da wasiwasi. Yarinya ta ce lafiya, ke ki ce a'a?"

Ta ce, "Malam, akwati ka ji. Waccan da lafiyarta, ko gishiri ne da ta ƙullo mini."

Ta jawo takalmanta daga ƙarƙashin gado, sun bushe ƙamas. Ta yafa mayafi, ta rungumi kwanon, ta kama hanya rana tsaka. Tafiya ce mai nisa ga ƙafar da ta manta tafiya. Takalmi ya ci mata dunduniya, ba ta gamu da kowa ba sai kekunan aike suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Tana tafe tana cewa a ranta, Allah ka sa wautata ce, Allah ka sa dariya za a yi mini.

Ta iske ƙofa a kulle. Ta yi sallama sau uku, akwatin bakin ƙofa ya ce, "Masu gida suna lafiya, sun gode da ziyara." Ta buga gidan dama, ta buga na hagu, amsar ke nan. Sai ta ɗauki dutse ta shiga dukan kwanon nan a tsakiyar titi, tana ihu: "Jama'a! Wai ba mai rai a unguwar nan ne?" Ta daka har kwano ya lotsa. Taga ta buɗe, wata ta biyo baya. Maƙwabciyar Lantana ta fito ba ko takalmi, katanga ɗaya ce tsakaninsu amma shekara uku ba su haɗa ido ba. Wani tsohon maƙeri ya fito da gudumarsa, bugu uku ƙofa ta ba da hanya.

A ƙasan madafa suka tarar da Lantana. Tun jiya naƙuda ta kayar da ita, ta yi kira har murya ta dushe. Akwati ya ji sarai, amma da yake labarin mai tayar da hankali ne, sai ya riƙe abinsa. Keken aike kuma ya jira ba a karɓi dambu ba, ya zubar, ya wanke kwano, ya mayar. Mata suka ciccibe ta sai asibiti, kafin la'asar ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Ungozoma ta ce da an ƙara ko awa ɗaya, da wani zancen ake yi.

Ranar suna ba wanda ya bar wa akwati barkarsa. Takalma suka yi tsibi a ƙofar gida, guɗa ta tashi a unguwar da ta manta sautinta. Tsofaffin abokai sai kallon juna suke, wannan na cewa, "Kai, yaushe ka yi furfura haka?" Malam ma ya iso yana ɗingishi, mata suka sa shi gaba: "A'a, Malam, da kanka? Ina Wakilin naka?" Tasalla ta kife faifai a kan akwatin bango, ba wanda ya ɗaga. Da za ta tafi, Lantana ta miƙa mata lotsattsen kwanon, kanta a sunkuye, cike da dabino har murfi ba ya rufuwa. Kafin mako ya zagayo, mai gyaran takalma ya dawo gindin bishiyarsa, aiki ya yi masa yawa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunci a ƙafa yake.