Makunnin da Aka Cire

Sabon manajan ya ɗora bakin biro a kan zanen, daidai wurin wani ɗan makunni da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ce a cire shi. Injiniyar da ta yi zanen ta dubi bakinsa har ya gama magana, ta ce ba za ta cire ba.

Na'urar ji kamfanin yake shirin fitarwa, irin wadda masu lalurar kunne ke maƙalawa. Akwai sashen rediyo a cikinta, mai haɗa ta da wayar hannu, wanda yake barci sai an neme shi. Wannan ɗan makunnin ne ke tashinsa: ya buɗe masa wuta sannu-sannu, ya datse idan aiki ya ƙare. Manajan yana so a rage girman na'urar. Tun makon jiya ya sa aka haɗa samfuri da tiransisto kawai a gurbin makunnin, masana'anta kuma tana jiran zanen ƙarshe.

"Tiransisto ba ya kunnawa ya kashe ne?" in ji shi.

"Yana yi, yallaɓai, amma bankaɗe ƙofa yake. Kafasitocin rediyo, wato ma'ajiyar wutarsa, su zuƙi wuta gaba ɗaya, ƙarfin batir ya faɗi, ƙwaƙwalwar na'urar ta ɗauke, sai ta sake tashi."

"A sa babban batir."

"Kai da kake neman wuri?"

Wani cikin mahalarta taron ya yi dariya ya haɗiye. Manajan ya miƙe, ya je bakin taga, ya ba ta baya. Daga can ya tambaye ta ko makunnin ba ya shan wuta shi ma. Ba ta ce komai ba. Ya juyo ransa a ɓace, ya maimaita. Nan take ta amsa cewa abin da yake sha bai taka kara ya karya ba.

Dogo, abokin aikinta tun kafa kamfanin, ya buɗe baki zai yi magana. Ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru.

An gargaɗi manajan cewa tana da taurin kai. Yau ya gani da idonsa. Kullum ita ke zaɓar kujerar da ke fuskantar kowa, ga kafe mutum da ido kamar mai neman rigima. Tun da aka fara taron nan kuwa, sai ya yi tambaya ta share shi, ya sake ta amsa kamar ba a yi komai ba.

"Ɗaukewar nan ƙiftawar ido ce," ya ce. "Babu mai lura."

"Ƙiftawar ido ta isa mota ta yi ham ba a ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ban zo sauraron karin magana ba. Ko ki amince a cire makunnin nan yau, ko ki kwashe kayanki."

Ta gyara mayafinta, ta dube shi.

"Ko in amince, ko me?"

Nan ya fusata. Ya buga teburi har ƙananan sukurori suka yi tsalle. Ya ce a duk wuraren da ya yi aiki bai taɓa ganin raini irin wannan ba, a gaban mutane ana mayar da shi mahaukaci, yana magana ana sa shi maimaitawa.

Ta bari ya sauke numfashi.

"Ban raina ka ba, yallaɓai. Amma ba zan amince ba, ko za a kore ni sau goma. Ka ce babu mai lura. Ga shi kai ma ka lura, har ka buga teburi."

Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi, ta zaro daga kunnenta samfurin da ya sa aka haɗa, ta ajiye a kan zanen. Ya fara magana, ta girgiza kai.

"Ka fuskance ni sosai in ga leɓenka. Da kunnen da ka zaɓa wa mutane na saurare ka yau, ni kuwa kurma ce tun ina yarinya."