Wurin Zaman Kawu

"Cika min riga, mara kunya!" Kawu ya daka wa ƙaton da ke jansa tsawa, ya ƙara gyara zama a kan dogon akwatin da ke tsakiyar bas ɗin.

Kwanansa biyu a wannan baƙuwar ƙasa, ko gaisuwarsu bai iya ba. Bas ta tsaya a danja, ƙofa a buɗe, ya yi wuf ya faɗa. Kujeru sun cika, sai ya hau kaya. Shekara talatin yana lodi a tasha, ai ba yau ya fara ba.

Nan take mota ta hargitse. Mata na nuna shi suna ihu, wata tsohuwa har da tofa masa yawu.

Ya ciro waya ya kira 'yar ƙanwarsa da ya zo wa ziyara.

"Mutanen nan ba mutunci! Don sun ga baƙo? Wallahi ba inda zan motsa!"

"Kawu, lamba nawa ce a goshin motar?"

"Wace lamba? Furanni ne kawai."

"Innalillahi! Kawu, sauka yanzu!"

Ya ja tsaki ya kashe wayar, ya shiga buga diddige a jikin akwatin don ya ƙara ƙular da su.

Motar ta shige wata babbar ƙofa ta tsaya. Ya leƙa taga, sai ga kaburbura jere iyakar ganinsa.

Maza shida suka zagaye shi, idanu jajir. Tsohuwar ta durƙusa tana kuka, tana goge hoton saurayin da ke manne a jikin akwatin, daidai inda takalmin Kawu ya bar shaida.