Kibiyar da Baba Ya Karya

Har yau na tsani ƙaurin itace a wuta. Wata Asabar da la'asar, ina yaro, Baba yana gasa sandunan kibiyoyinsa a kan murhun gas a gidanmu na Barking, a Landan. Sai ya tanƙwara, ya runtse ido ɗaya ya duba. Wai na harbin barewa ne, a ƙasar da doka ta hana farauta da baka.

Ya miƙo mini ɗaya. "Ta miƙe?"

Na amsa da Turanci. Ya fizge ta, ya karya a gwiwarsa.

"A karkace ta taso, kamar kai. Asarar wuta kawai."

Har mutumin nan ya mutu, ko kurege bai harbo ba. Ni kaɗai ya samu, kuma ban yafe ba.