Tabon da Aka Goge

Malama ta daɗe tana kallon hotonta a kwamfutar shagon. Fuskar ta yi sumul, tabon ƙunar da ke kuncinta tun yarinta ya ɓace.

"Wannan ka kai wa Umma?" ta tambayi mai hoton, wanda saura wata biyu ya aure ta.

Ya sunkuyar da kai yana murza murfin kyamara. "Aiki ne ya yi mini yawa, na haɗa da na mutane na tura wa masu gyara. Da ni na yi da hannuna, wallahi ba zan taɓa shi ba."

"Amma ka gani kafin ka kai mata."

Mahaifiyar tasa ta riga ta zaga dangi da hoton, tana cewa yarinya kamar ita ta yi kanta. Gobe kuma za ta zo ganin surukarta.

"Ki ɗan ƙara hoda," ya ce a hankali. "Na gobe kawai."

Ta zuba masa ido har ya kau da kai.

"Hoda ai wanke ta ake yi," ta ce. "Ranar da na kwana a gidanku, da wace fuskar zan gaishe ta da safe?"