Abin da Ke Ƙarƙashin Baƙin Zobe

Ta tsagar katanga Tela ya fara hango shi: wani baƙin zobe mai sheƙi a gindin bishiyar lemon ƙanensa Auta, tururuwa na zuwa bakinsa suna juyawa.

Lemo biyu mahaifiyarsu ta dasa. Da ta rasu aka raba gida, katanga ta ratsa tsakaninsu, kowa ya tashi da ɗaya. Na Auta ya yi lif, 'ya'ya har reshe na rinjaya. Na Tela kuwa tururuwa sun mayar da shi hanya, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai ya yabi na maƙwabci, Tela ya ji kamar an soka masa allura.

"Baban yara, ka leƙa ka tambaye shi mana," in ji matarsa.

"Wa? Yaron da na share wa majina? Ai ba wani asiri ba ne, mai ne baƙi. Ni ma ina da ido."

Ya karɓo baƙin mai wurin bakanike. Ya sa wuƙa ya kankare ɓawon ya kewaye, wai don man ya kama. Ya lafta, faɗinsa ya ninka na Auta, ya ɗaure da waya tamau.

Tururuwa suka daina hawa. Tela ya riƙa yin tari da ƙarfi a gindin bishiyar don a ji shi ta bayan katanga.

Kafin damina ta tsaya ganye ya yi rawaya ya zube. Ɓawon ya ruɓe, wayar ta nutse cikin itacen. Bishiyar da Inna ke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta ta bushe ƙaf.

Ran nan Auta ya yi sallama da kwandon lemo. Ya daɗe yana shafa wurin da wayar ta nutse a jikin bishiyar.

"Yaya, a kan ɓawon ka shafa?"

"To, kai a kan me ka shafa?"

"Ni man bai taɓa jikinta ba. Ƙyalle nake naɗawa sako-sako, in rufe da leda, sannan in shafa a kan ledar. Lokaci-lokaci in kwance ta sha iska." Ya sunkuyar da kai. "Ƙyallayen ma na shagonka ne, waɗanda kake sharewa waje."

Tela ya dubi kwandon, ya dubi busasshen reshe. Ya zura takalmansa ya fice, ko ƙofar bai ja ba.

Jama'a, ɓawo fatar bishiya ce, ta nan abincinta ke bi. A tare ƙwari a kan ƙyalle, kada a kan jikinta. Mai hassada kuwa saman abu kawai yake hangowa, domin bakin da zai tambayi abin da ke ƙasa girman kai ya ɗinke shi.