Tulunan da Aka Binne a Kufai

Ka ce abin da ya tsufa ya gama aikinsa. To, gyara zama in ba ka misali.

A wani ƙauye can arewa, inda ƙasa ta miƙe shimfiɗe babu tudu babu kwari sai rairayi da aduwa jefi-jefi, an yi wata tsohuwa maginiyar tukwane. A zamanin ƙuruciyarta babu amaryar da za a kai ɗaki ba da randarta ba, kuma ranar gashin tukwane tun daga bakin gari ake hango hayaƙin gidansu. Sai jarka ta zo, bokitin roba ya biyo baya, ga sauƙin ɗauka, ga shi ba ya fashewa. Tun tana gina tulu goma a mako har ta koma ɗaya, har ta daina. 'Ya'yanta mata babu wadda ta koya. Dutsen sulɓin da take goge tukwane da shi, wanda ta gada daga kakarta, ta ƙulle a tsumma ta cusa ƙarƙashin gado, ta san ranar da aka binne ta an binne sana'ar gidansu. Garin kuwa yana cikin tasa damuwar. Rairayi na cin gonaki. Kowace damina malamin daji ya kawo dashen itatuwa a dasa, kowace bazara su bushe, don ko jarka guda ka juye a gindin dashe, kafin ka juya baya rairayi ya shanye.

Ana nan sai ga masu binciken tarihi daga jami'a, suka sauka a kufan da ke gabas da gari, inda kakannin kakanni suka zauna. Suka ja igiyoyi, suka shiga kankare ƙasa a hankali da ƙananan cebura da buroshi, kamar masu neman allura. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai ga manyan malamai sun zo tsintar tsingaro. A mako na uku suka tono wani abin da ya ɗaure musu kai: tuluna goma sha biyu a jere, taku biyar-biyar tsakaninsu, kowanne a tsaye da murfinsa, babu ƙashi a ciki, babu hatsi. Babbansu ya rubuta a littafinsa cewa wataƙila wurin tsafi ne. Da labari ya kai ga tsohuwa, ta ɗauki sandarta ta tafi, ba don komai ba sai don ta ga hannun magina na da. Ta durƙusa a bakin ramin, ta ƙwanƙwasa tulu ɗaya da ɗan yatsa. Bai yi ƙara ba, sai wani sauti dushe-dushe. Nan take ta ga kanta tana 'yar shekara bakwai, tana bin kakarta da tulu a ka, kakar tana haƙa rami kusa da dashen kurna.

"Iya, ko kin san abin da ake bauta wa a nan?" in ji babban malamin.

Ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, ƙishirwa ake bauta wa. Goge bayan tulun nan ka gani."

Ya sa buroshi ya share. Ga wasu siraran layuka sun nannaɗe tulun kamar gashi, sawun saiwoyi ne. Ta ce masa wannan ba tulun sha ba ne. Da gangan ake cika yumɓunsa da ƙaiƙayi, a yi masa rabin gashi, don ya riƙa naso. A binne shi har wuya kusa da dashe, a cika shi da ruwa, a rufe. Shi ke nan, sai ya yi ta tsattsafo wa saiwa ruwa kaɗan-kaɗan har mako ya zagayo. Wannan jeri da suke gani, layin itatuwa ne da suka taɓa yi wa garin inuwa. Malamin ya daɗe yana kallon tulun, sannan ya soke abin da ya rubuta, ya zauna a ƙasa gabanta ya ce ta sake faɗa daga farko.

Cikin masu taya su haƙa akwai magidantan garin, kuma kunnensu ya ji. Washegari mai gari da kansa ya yi sallama a ƙofarta yana neman tulu talatin. Ta ce hannunta ya yi rauni, ba za ta iya ita kaɗai ba, sai dai a turo mata mata su koya. Aka turo shida, har da autarta da ta taɓa cewa yumɓu ɓata lalle yake yi. Tsohuwa ta kwance tsumman nan, ta fito da dutsen kakarta. Bayan kwana tara aka sake hango hayaƙi daga bakin gari.

Aka binne kowane tulu kusa da dashe. A bazarar shekarar, dashe huɗu kawai suka mutu cikin talatin. Ita tsohuwar ba ta kai ga shan inuwarsu ba. Amma yau in ka bi ta gabas da garin za ka ga layin kurna da tsamiya, awaki na kwance a ƙarƙashi, dutsen sulɓin kuma yana hannun autar.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.